Kuɗin Zaman Tudu

Ranar da jirginsu ya shiga gyara a Talkahuwano
Baldomero ya hawo unguwarmu da jaka a kafaɗa,
takalminsa na ɗigar ruwa har bakin ƙofa.
Wata tara, in ji shi. Wata tara cur a gida.
Tadeyo ya laɓe a bayana,
bai gane dogon mutumin da ke kiran sunansa ba.

Ƙarshen wata takardar albashi ta zo.
Na shimfiɗa ta a tebur, na danne da kofin shayi
saboda iskar da ke kutsowa ta tsagar taga.
Kuɗin teku: an soke.
A ƙasansa wani sabon layi, siriri kamar tururuwa:
kuɗin zaman tudu, na mai iyali.
Sau uku na lissafa da fensirin Ilse.
Ashe mijina ya fi tsada in yana nesa.

A can jirgi ke dafa masa wake,
jirgi ke kunna masa fitila, ya ɗumama masa ruwa.
A nan ni ce jirgin.
Burodi huɗu yake ci da safe, bai ma san ya ci ba,
yana ba yara labarin wani kifi
da ya bi su kwana biyu kamar mai bin bashi.

Wanda ya yanka wannan kuɗi a ofis
ban ce mugu ba ne.
Na dai san bai taɓa sayen kananzir a watan Yuli ba,
sa'ad da ruwa ke kwana shida bai ɗauke ba,
kayan makaranta na rataye a kan kujeru sun ƙi bushewa,
ga Don Ebaristo mai gidan haya
yana ƙwanƙwasa ƙofa ranar biyar ga wata, da kan lemarsa.

Sun nemi takardar aure, mun kai.
Rasit na haya mai hatimi, mun kai.
Takardun haihuwa biyu, suka karɓi ɗaya.
Ilse ba ta cikin lissafi, wai sunan ubanta daban ne.
Yarinyar da ya ɗauka a wuya tun tana shekara biyu,
wadda ta koyi ɗaurin igiya a hannunsa kafin ta iya ɗaure takalmi.
Sau uku yana goge hularsa yana komawa.
Na ukun ya dawo bai ce komai ba,
ya hau rufin ɗaki ya yi ta buga ƙusa har duhu.

Da dare ba ya barci.
Gadon ba ya lilo, in ji shi, ƙasa ta cika tsayawa wuri ɗaya.
Sai in ji shi a kicin yana kwance famfo.
Yanzu babu abin da ke yoyo a gidan nan,
babu ƙofar da ke kuka.
Tadeyo ya daina laɓewa,
shi ke riƙe masa sufana, yana hura hanci.
Wannan wane layi za a sa shi a takarda?

Shekaranjiya ya shigo da wata takardar.
Jirgin da zai gangara kudu yana neman makanike,
wata biyar, da cikakken kuɗin teku.
Sa hannu kawai ya rage.
Ya ajiye ta ƙarƙashin gwangwanin sukari,
bai dube ni ba, ban dube shi ba.
Kwana biyu muna ɗiban sukari muna mayar da gwangwani
daidai inda yake.

Yau da asuba, yana can ya samu barci ya ɗauke shi,
hannu ɗaya na reto a gefen gado,
na zaro ta, na juya bayanta fari,
na ɗauki fensirin Ilse na rubuta cefane:
kananzir lita biyu,
albasa,
sabulu, ƙaramin,
burodi.
Da na sa shida, kamar yadda hannu ya saba.
Na goge da ɗan yatsa
na rubuta goma.